Tocilar da Na Haɗa wa Limamin Unguwarmu

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, na koma gidanmu na gado a cikin birni, daf da Ƙofar Kuyambana, da niyyar in huta. Hutun bai samu ba. Wanda ya zauna tsakanin mutanen da ba su da sana'ar da ta wuce zaman dakali, kunnensa ne yake ɗaukar aikin da hannunsa ya ajiye.

Yayana shi ne limamin masallacin unguwarmu. Daga mahaifinmu ya gaji limancin, shi kuma daga nasa mahaifin. Ni aka kai boko, shi aka bar shi gaban littattafai, kuma ba na jin akwai wanda ya yi asara a cikinmu. A lokacin da nake ba da labari, wato tsakiyar shekarun casa'in, idonsa ya fara rauni. Da rana yana karanta rubutun hannu ba tare da tabarau ba, amma a duhun asuba ƙasa da kwata duk ɗaya suke a wurinsa. Tsakanin gidanmu da masallaci kuwa akwai wani siririn lungu mai lanƙwasa, kwata ta bi gefensa tun daga farko har ƙarshe, in damina ta yi nisa sai ta cika ta tumbatsa.

Wata asuba, bayan an kwana ana ruwa, ƙafarsa ta zame ya faɗa ciki. Bai ji ciwo ba, amma rigarsa ta ɓaci, dole ya koma gida ya sake tsarki. Jama'a suka gaji da jira, aka tura wani matashi gaba ya ja sallar. Matashin nan surukin wani Alhaji ne ɗan kwangila, wanda ya yi dukiyarsa da gina kwalbatocin da ba sa ganin damina biyu. Alhajin nan shi ya saya wa masallacin dardumomi da lasifika, kuma tun daga ranar yake tafiya a cikinsa kamar ɗakin matarsa. Kafin rana ta take, magana ta zaga unguwa cewa Liman ya tsufa, ya kamata a hutar da shi. Wanda za a hutar da shi dominsa ba sai an faɗa ba.

Na samu yayana a zaure na ce masa in dai hanya ce matsalar, ni zan riƙa kama hannunsa. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ɗan boko, jagora kake so ka zama? Ranar da aka ga ana jan hannuna a lungun nan, ranar zan sauka da kaina. Makaho nake?"

"To, Yaya, fitila fa?"

"Da wane kananzir?"

Gaskiyarsa. Shekarun nan kananzir sai an yi layi, wani lokacin a dawo da galan babu komai. Tocilarsa kuma tana nan, amma batiran da suka cika kasuwa a lokacin jabu ne. Ka sa su yau, jibi ƙwan ya koma kamar garwashin da ya kwana. Wuta kuwa ba a maganarta.

Sai na ce zan haɗa masa tocilar da ba ta cin batir. Abin ba sihiri ba ne. Duk ɗalibin da ya zauna ajina bai yi gyangyaɗi ba ya san cewa in maganaɗisu ya ratsa ta cikin naɗaɗɗiyar waya, wuta tana motsawa a cikin wayar. Wani tsohon abokin aikina a Wusasa ya ba ni matattun rediyoyi biyu irin na da, masu akwatin katako. Na fasa lasifikokinsu na ciro maganaɗisun da ke tsakiya, kowanne kamar guntun rake, na haɗa su baki da gindi. Na yanko bututun roba na famfo, wanda maganaɗisun zai iya zirga-zirga a cikinsa ba tare da ya maƙale ba. Wayar kuwa daga ƙonanniyar fanka na warware ta, siririya kamar gashin wutsiyar doki, mai rufin da ke hana ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Na yi ta naɗa ta a tsakiyar bututun, layi bisa layi, a tsanake, domin in ta tsinke sau ɗaya aikin ya koma baya. Sai da yatsuna suka yi kanta.

Ƙwan tocila na yau da kullum ya ƙi kamawa, wutar ba ta ishe shi ba. Na je Sabon Gari wurin masu gyaran rediyo na tsinto 'yan ƙananan jajayen ƙwayayen nan da ke haskawa a goshin rediyo mai kaset, waɗanda wuta kaɗan take isarsu. Na jera su cikin ƙoƙon tsohuwar tocila, na toshe bakunan bututun da katako. Na shiga ɗakin ajiyar hatsi, wanda ko da tsakar rana ba a ganin tafin hannu, na girgiza. Ja ne hasken, ba mai yawa ba, amma na ga bakin buhu, na ga tsagar da ke ƙasa. Abin da ake bukata ke nan. Sharaɗinta ɗaya: muddin kana girgizawa tana haske, ka tsaya ta mutu.

Yayana ya sha wahala kafin ya saba. Mutum ne da bai taɓa yin komai da gaggawa ba, sai ya riƙa kaɗa ta a hankali daidai da wuridinsa, ita kuwa ba ta san wuridi ba.

"Yaya, da ƙarfi. Kamar kana kaɗa nono."

"Yaushe ka taɓa ganin ina kaɗa nono?"

Duk da haka ya koya. Ya mayar da carbi aljihu, sanda a hagu, tocila a dama. Ya daina laluben bango, ya daina makara, rigarsa kuma ba ta ƙara taɓa kwata ba. A wurin mai hankali magana ta ƙare ke nan.

Amma maganaɗisun yana bugun katakon da ke bakunan bututun, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, tun daga ƙofar gida har ƙofar masallaci. Ba a yi mako ba na ji sakamakon a dakalin Alhaji, inda 'yan amshin shatansa suke taruwa bayan la'asar suna cin gyaɗarsa. Ina wucewa wani daga cikinsu, mai facin taya ne da ya mayar da gulma babbar sana'a, ya ɗaga murya don in ji.

"Malam, barka da yamma. Ashe Liman ya fara caki? Saura garaya, sai mu kira masu hawan bori."

Suka bushe da dariya. Alhaji ya yi kamar yana tsawatarwa, haƙorin Makkansa a waje.

"Kai, ku bari mana. Malam, kada ka kula su. Sai dai gaskiya mata sun fara tambaya, wai me ake kaɗawa da asuba, ga kuma jan ido yana tahowa a lungu."

Na tsaya na yi musu bayani, da Hausa mai sauƙi, irin wadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ambaci maganaɗisu, na ambaci waya. Suka saurare ni da irin fuskar da akuya take sauraron huɗuba. Da na gama, mai facin taya ya ce, "To, Malam, in ba batir, wa ke ba ta wutar?" Mutumin da yake kunna fitilar kekensa kullum da gurzar taya, bai taɓa tambayar wa ke ba ta wuta ba.

Maganar caki ta dami yayana fiye da faɗawa kwata. Limami ne, a haɗa sunansa da bori ko da wasa ba ƙaramin abu ba ne. Na karɓi tocilar na cire katakon, na yanko roba daga tsohon silifa na lulluɓe da auduga na toshe bakunan da ita. Ƙarar ta ɗauke ɗif, har ma maganaɗisun ya riƙa dawowa da sauri, hasken ya ƙaru. Ta fuskar aiki, gyara ne mai kyau, kuma har gobe ina nan a kan haka.

Abin da ya biyo baya sai a unguwarmu. Da can suna jin ƙara, sun san wani abu ake kaɗawa. Yanzu babu ƙara, sai dattijo yana tahowa cikin duhu-duhu, hannun babbar rigarsa yana karkarwa tun daga kafaɗa, haske yana rawa a ƙasa. Mutanen da suka yi mako biyu suna yi wa girgizar nan dariya, su ne dai suka wayi gari suka manta da ita sarai. Aka ce Liman ya kamu da ciwon karkarwa. Aka ce an ga hannunsa yana rawa a tahiya. Wata tsohuwa ta aiko da saiwa a jiƙa masa. Wani ya rantse cewa haka ciwon ya fara wa kawunsa kafin ya taɓa masa kai. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

Ranar wata Alhamis da hantsi suka yi sallama a zaurenmu: Alhaji, da mai facin taya, da wasu dattawa biyu da aka jawo don a cika fuska. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka sake tambayar iyali. Sannan Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya dubi yayana.

"Allah gafarta Malam, jama'a ce ta turo mu. Tausayinka ake ji. Ga ido, ga kuma wannan larura ta hannu. Muka ce me zai hana ka huta, yaro ya riƙa taimaka maka."

Ban bari yayana ya amsa ba. Na ɗauko tocilar na miƙa masa.

"Alhaji, riƙe. Girgiza ta ka ga larurar da idonka."

Ya janye hannunsa cikin riga kamar na miƙa masa kunama.

"A'a, Malam, ni ba na taɓa abin da ban san asalinsa ba."

"Ka san asalin lasifikar da ka rataya a masallaci? Abin da ke cikinta shi ne a cikin wannan."

"Malam, ba gardamar boko ta kawo mu ba."

Yayana ya ɗaga mini hannu na yi shiru. Akwai moɗa cike da ruwa a gefensa. Ya ɗauke ta da hannun daman, ya miƙe hannun sosai, ya riƙe ta a gabansu. Ruwan bai ko motsa ba. Dattawan nan biyu suka sunkuyar da kai, ɗaya yana tsintar zare a tabarma. Alhaji ya dubi rufin zaure kamar yana lissafin azarori. Dama ba hannun suka zo dubawa ba.

Yayana ya ajiye moɗar. "Na ga kun gani," in ji shi. "Amma ba a yi wa mutane limanci suna ƙi. Ku je, na sauka. Allah ya taya shi riƙo."

Da suka fita na ce masa ya yi kuskure, na ce sarkin yawa ne kawai ya fi sarkin ƙarfi, na ce abubuwa da dama da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba. Na ba shi shawara mu koma sallah wani masallacin wajen Ƙofar Doka, ko ba komai mu huta da ganin fuskokinsu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in duba masa robar tocilar, kamar ta fara saki.

Washegari da asuba ya riga kowa isa masallaci. Ya zauna a sahun farko, daidai bayan liman, inda mai ilimi yake tsayawa. Sabon limamin yana da murya, ba zan hana shi ba. A kaset ya koyo ta, har da inda mai kaset ɗin yake jan numfashi. Don ya nuna wa surukinsa ba a yi zaɓen tumun dare ba, sai ya ɗauko doguwar sura. Bai yi nisa ba ya tsallake aya. Daga bayansa muryar yayana ta fito, a natse, ta mayar da shi kan hanya, kamar yadda ya wajaba a kan duk mamun da ya sani. Ya ci gaba, ya sake shiga wata surar mai kama da ita, aka sake dawo da shi. Lasifikar Alhaji kuwa, da yake mai kyau ce, ta kai gyaran har cikin gidaje.

Haka aka yi ta yi, asuba bayan asuba. Ba wanda ya isa ya ce a daina, domin ko mai facin taya ya san ba a barin kuskure a karatun sallah. Kafin kaka ta shigo, sabon liman ya tattara ya koma gajerun surorin ƙarshe, bai ƙara leƙawa sama da su ba. A dakalin Alhaji aka ce wannan shi ne limami mai tausayi, wanda ya san mutane suna da kasuwa.

Limancin bai dawo gidanmu ba. Yayana ya rasu yana mamu a masallacin da kakansa ya gina.