Yadda Muka Ɗinke Muryar Malam

A gidanmu na Azare, duk abin da yake da sukurori a jikinsa tsorona yake ji. Ina ɗan shekara goma sha biyar na riga na buɗe cikin agogon bango, da tocila biyu, da fankar ɗakin baƙi, da rediyon Baba. Wasunsu sun rayu bayan aikin. Agogon ma ya rayu, sai dai tun daga ranar yakan ce azahar ta yi ana tsakiyar karin kumallo. Inna kuwa da ta ga na doso madafa da sukundireba a aljihu sai ta ɗauke injin taliyarta ta tura ƙarƙashin gado.

A wannan shekarar Kawu ya kawo mini wata tsohuwar kwamfuta da aka yar a ofishinsu. In na kunna ta, maƙwabta kan aiko yara da ƙwaryar gero, sun zaci an kawo injin niƙa unguwar. Wani ɗan bautar ƙasa da ke koya mana lissafi ya ba ni faifai cike da manhajoji, ya ce duk kyauta ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta, kowa na iya buɗe cikinsu ya gyara abin da ya ga ya karkace. Na ce masa ashe aikin gayya ne, sai dai babu fura. A cikin faifan akwai wata manhaja ta ɗaukar murya, ita ce ta ja mini abin da zan ba da labari.

Kakata ta wajen uba tana zaune a garin Katagum, ba nisa da kogi. Tana da kaset guda ɗaya tak, a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan adakarta. Muryar kakana ce a ciki, wanda kowa ke kira Malam, ya rasu ban yi wayo ba. Lokacin da Baba yake karatu a Zariya, Malam ya ga wasiƙa ba ta ɗaukar yawan maganarsa, sai ya ari rakoda ya zauna a tsakar gida ya yi magana ta rabin awa, aka ba direba ya kai. Bayan rasuwarsa Baba ya mayar wa Kaka da kaset ɗin. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci takan shimfiɗa tabarma ta kunna, kuma kaza ma ba ta isa ta yi kuka ba.

Da muka je hutu na ji muryar ta fara ja kamar mai jin barci, sai na buɗe baki. Na gaya wa Kaka zan zuba Malam a kwamfuta in mayar da shi faifan da ba ya tsufa har tashin duniya. Ni da ita wasan jika da kaka muke, tana kirana maigida, ina kiranta amarya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce mijin da ya kashe agogo ba a ba shi ajiyar mutum. Kwana biyu ina lallashi, har itace na faskara mata, abin da ko Inna ba ta taɓa ganin na yi ba. Ranar Asabar da za mu koma ta miƙo mini ƙunshin.

"Juma'a ta same shi a ɗakin nan," ta ce. "In ba haka ba, na sake ka."

Ranar Litinin da hantsi na haɗa rediyon Baba da kwamfutar da wata waya da na yanko daga tsohuwar lasifika. Na danna, Malam ya yi sallama, layuka suka fara rawa a fuskar kwamfuta. Na zauna na harɗe ƙafa ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgin sama. Rabin awa komai lafiya. Malam ya zo ban kwana kenan sai muryarsa ta koma ta ɗan akuya, sannan ta tsaya. Rediyon da na taɓa yi wa aiki ya rama. Ya haɗiye zaren kaset ɗin ya nannaɗe shi a cikinsa, ni kuma da gaggawa na sa sukundireba na ja. Abin da ya fito ya fi kama da taliyar Inna, a tsinke wuri huɗu, a cukurkuɗe.

Na ce wa kaina ba komai, ai Malam yana cikin kwamfuta. Na kai hannu zan danna wurin ajiyewa, sai wuta ta ɗauke.

Ban san tsawon zaman da na yi ina kallon baƙin gilashin nan ba. Da wuta ta dawo da la'asar na kunna, manhajar ta buɗe fes, babu Malam babu alamarsa. Na gwada liƙe zaren da jan farcen yayata, na naɗe shi da biro. Abin da ya fito kamar mutum ne yake magana daga ƙasan kogi da bakinsa cike da tuwo.

Washegari na tafi shagon intanet na bakin kasuwa, inda shafi ɗaya kan ɗauki lokacin da za a dafa wake kafin ya buɗe. Na nemo dandalin masu manhajar na rubuta musu da Turancina na aji huɗu. Na ce wuta ta ɗauke, muryar kakana marigayi ta ɓata, kuma in Juma'a ta yi ban same ta ba, ilahirin mutanen Katagum za su fito da taɓare. Ranar Laraba na tarar da amsa daga wani da har yau ban san ƙasarsa ba, ban ma san ko mace ce ko namiji ba. Ya fara da yi mini ta'aziyya, sannan ya tambaya ko guguwa aka yi a garinmu har wuta ta ɗauke. Na ce masa a'a, Litinin ce kawai.

Ya bayyana mini cewa manhajar ba ta riƙe murya a dunƙule. Tana yanka ta guntu-guntu tana zubawa a wani ɓoyayyen wuri kafin a ajiye, kuma mai yiwuwa guntayen suna nan. Na ruga gida na bi kwatancensa. Suna nan kuwa, ɗari da wani abu, kowane bai wuce numfashi biyu ba. Matsalar ita ce sunayensu haruffa ne da lambobi a hargitse, babu na farko babu na ƙarshe. Na kunna ɗaya, Malam yana zancen rago. Na kunna na kusa da shi, yana tari. Na gaba, yana cewa a riƙe salla. Mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda maganar take a jere, kuma ita ce wadda nake gudu.

Ranar Juma'a da sassafe na faɗa wa Baba gaskiya. Bai dake ni ba, ya ce in je in faɗa da bakina, wanda ya fi duka. Na shiga motar Katagum da kwamfuta a buhu, gilashinta a cinyata, wata mata tana ta tambaya ko talabijin ɗin na kayan aure ne.

Na tarar da Kaka ta riga ta shimfiɗa tabarmar. Na durƙusa na kwance ɗankwalin na nuna mata. Na zaci za ta yi faɗa ko ta yi mini ba'a, na ma shirya amsoshi. Ta ɗauki zaren tana shafa shi da yatsa tana ƙoƙarin miƙar da inda ya lanƙwashe. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Da ƙyar na yi mata bayanin guntayen, na ce muryar tana nan amma a warwatse, kamar tsakiyar wuya da zarenta ya tsinke.

"To kunna mu ji," ta ce. Ba ta ce maigida ba.

Muka aro janareta wurin mai aski na bakin titi. Na kunna guntu na farko da hannuna ya faɗa a kai. Malam ya ce ruwa ya cika fadama bana har ya, sai ya yanke. Kaka ta ƙarasa ba tare da ta ɗaga kai ba: har ya taɓa gindin tsamiyar gidan liman. Ta ce in nemo inda ya ce haka, shi ne na gaba, kuma kafinsa akwai zancen jakin da ya ɓata. Haka muka yi ta yi. Ina kunnawa, tana faɗin abin da ya gabata da abin da ke biye, ina rubuta lambobi a littafin lissafina. Har guntayen da babu magana a ciki ta san mazauninsu. Ta ce wannan tarin na bayan gaisuwar mutanen Bulkachuwa ne, wancan kuwa na lokacin da hayaƙin murhu ya taso masa ne.

Kwana uku muka yi. A rana ta biyu muka iso inda ake jin daka a bayan maganarsa, Malam ya juya ya ce, "Ke, sassauta taɓaryar nan, ana ɗaukar magana." Sai wata yarinyar murya ta yi dariya, dakan ya ƙara ƙarfi har da lugude. Na dubi Kaka. Ta ce in daina kallonta in yi aikina, maigidan banza. Da na ji maigidan nan na san an fara yafe mini.

Da muka gama jerawa sai ƙaiƙayin hannuna ya motsa. Manhajar tana da wurin share hayaniya, na bi na goge dakan, da kukan zakara, da iskar kogi, muryar Malam ta fito tas kamar mai karanta labarai. Na kunna mata ina jiran yabo. Ta saurara kaɗan, ta ɗaga hannu.

"Ina ka kai ni?"

Na ce ai hayaniya na cire.

"Ni ce hayaniyar? Kishi ne ya sa ka raba ni da mijina don ka samu wuri. Mayar da ni inda ka same ni."

Allah ya taimake ni wannan karon na ajiye na asalin wuri uku. Na mayar da ita, da zakaran, da komai.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Ƙarshen ban kwanan bai kai ga shiga kwamfutar ba. Malam yakan ce, "To, ni zan tsaya nan, Allah ya," sai shiru. Baba ya saya mata ƙaramin rediyo mai cin faifai, kuma duk Juma'a in an zo wurin takan ƙarasa da kanta: ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Sannan ta kashe ta naɗe faifan a ɗankwalin, tare da tsinkakken kaset ɗin.

Da na koma Azare na rubuta wa mutanen dandalin duk yadda muka yi, mataki-mataki, don wanda wuta za ta yi wa irin tawa. Suka gyara Turancin suka sa a shafinsu na taimako. Daga baya da suka ƙara wa manhajar dabarar dawo da aiki da kanta, suka nemi masu gwadawa. Su sai sun cire waya daga bango da gangan. Ni kuwa zama kawai nake in jira. Sau biyu na kamo musu kuskure, suka gyara, kuma na tabbata a duk gayyar babu wanda ya kai ni kayan aiki.

Kaka ta rasu da daminar bara. Duk tarkacen na'urorina, ban taɓa tunanin in ajiye mata rakoda a gaba in ce ta yi magana ba, kullum ina ganin akwai wani hutun. Abin da ya rage mini na muryarta shi ne dariyar nan ta bayan taɓarya, wadda na so in goge. Faifan yana wurina yanzu. Nakan kunna ranar Juma'a, in Malam ya tsaya a tsakiyar addu'arsa in ƙarasa masa.