Uwar Kullun Inna

Shekarar da na dawo Matameye da difloma ba aiki, Inna ta bar mini amanar tukunyarta na kwana bakwai. Mijin ƙanwarta ya rasu a Dawce, dole ta je zaman makoki. Baba kuwa yana Kano cin rani.

Ƙaramar tukunyar ƙasa ce, tana zaune cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. A cikinta akwai ragowar kullun masa, wanda Inna take kira uwa. Ba ta taɓa sayen yis na leda ba. In ta yi sabon kullu sai ta zuba masa ludayi ɗaya daga uwar don ya tashi, in ya tashi ta mayar da ludayi ɗaya tukunya. A wajen mahaifiyarta ta gaje ta. Masu sayen masa a ƙofar gidanmu ɗan tsamin nan suke bi.

Tana ɗaure kayanta ta ce, "Duk bayan kwana biyu ki ba ta garin gero cokali ɗaya da ɗan ruwa. Ɗaya fa, Malama. Kada ki shagwaɓa mini ita."

"Inna, a kan wannan fa na yi karatu."

"Ai shi ya sa nake tsoro."

Gaskiya ne, a kan ƙwayar yis na rubuta aikin fita jami'a. Abin da muka gani a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, in ban manta ba, shi ne ƙwayar tana da wata ƴar jaka mai tsami a cikinta, inda take adana abinci, take kuma narkar da tarkacen jikinta. In ta ji sukari ya wadata sai ta yi ta girma da haihuwa, tsamin jakar ya ragu da wuri, ta tsufa. In an rage mata abinci, tsamin ya daɗe, ita ma ta daɗe. Ba zan ce ƙwaya a gilashi da kullu a tukunya abu ɗaya ba ne, don a tukunya akwai wasu halittun. Amma dai na isa in gane dalilin cokali ɗayan Inna.

Kwana biyu da tafiyarta na buɗe tukunyar. Ba kumfa, sai wani ruwa toka-toka a sama. Na ce ko yunwa ce ke neman kashe ta a hannuna. Na zuba gari cokali uku, na ƙara da sukari. Kafin la'asar ta taso tana tsiri-tsiri, na ji daɗi har na nuna wa ƙannena. Daga nan kullum sau uku nake ciyar da ita. Na ɗauke ta daga yashi na kai ɗakina don ta zauna a idona, ɗakin kwano, a tsakiyar bazara.

Rana ta huɗu warinta ya fara yankan hanci. Na tuna Inna tana sa ruwan kanwa in kullu ya cika tsami, sai na zuba. Ban tsaya na tuna cewa a kullun da za ta soya take sawa ba, ba a uwa ba. Zuwa kwana na shida uwar ta kwanta, da wani ja-ja a samanta. Na mayar da ita gindin randa na rufe.

Ranar da Inna ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi randa. Ta shinshina, ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Sukari," ta ce. Ta sake ɗanɗanawa. "Har da kanwa."

Na soma cewa wataƙila akwai dalilai da yawa. Ba ta dube ni ba. Ta zauna a turmi riƙe da tukunyar a cinya, har aka kira magariba.

Da safe Hajiyar makwabta ta shigo da kwanonta, ta tarar ba a ɗora tanda ba.

"Lafiya, mai masa?"

"Zafin bana ne ya kashe mini uwa, Hajiya."

"Ga likitar kullu a gida kuma?" Ta yi dariya tana dubana.

"Ita ta yi iya yinta," in ji Inna. Ina tsaye da tsintsiya, na bari maganar ta wuce a haka.

Bayan kwana uku Inna ta tuna ta taɓa ɗibar wa ɗiyar yayarta ludayi ɗaya ranar da aka kai ta ɗaki a Dungu. Ta wanke tukunyar ta miƙo mini, na hau kabu-kabu. Da na isa, ɗiyar yayar tata, wadda nake kira Yaya, ta tambaye ni me ya faru. Na ce zafi, sannan na ji ba zan iya maimaita rufin asirin Inna a gidan wani ba, na faɗa mata duka.

"Sukari? Amarya kika ɗauke ta?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗebo mini rabin ludayi.

Masar farko Inna ta gutsura ta daɗe tana tauna. "Ita ce," ta ce, "amma ta sha ruwan Dungu."

Har yau in za ta yi tafiya, gidan Hajiya ake kai tukunyar. Ni take ba in kai.