Malama, Yau Zan Kalli Fim Ɗin Auta

Malama! Malamar Auta. Na san ba za ki amsa ba, amma bari dai in kira, bakina ya riga ya saba.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, ina shanya a bayan asibiti wata nas ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, baiwar Allahn nan mai kyamara da ke zuwa wurinku, ta cika fa." Na riƙe igiyar shanya na kasa saki. Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ciwon ma bai daɗe ba.

Ni ban iya rubutu irin na masu karatu ba, a firamare na tsaya, ga wayar nan sai ta riƙa canza min magana. Ɗalibanki sun rubuta abubuwa masu kyau a zauren nan nasu na waya, an karanta min wasu. Na ce bari ni ma in sa nawa yadda ya zo min. Wanda bai san ni ba, ni ce uwar Auta, 'yar ajin ƙarshe a sashen aikin jarida, wadda Malama ke koya wa ɗaukar hoto da haɗa rahoton bidiyo. Ina aiki a asibiti. To bari in faɗa daidai, tunda da ke nake magana. Wanki nake yi a asibiti. Zannuwan gado, rigunan marasa lafiya, labule.

Lokacin da Auta ta ce hoto za ta karanta, wallahi raina bai so ba. Na ce ke yanzu ɗaukar hoto ma sai an je babbar makaranta? Babanta ya ce, "Ƙyale ta, ko ba komai mun huta da neman mai hoto in taro ya tashi." Haka muka ɗauki abin, wasa wasa. Kyamara kuwa ba mu da halinta. Ke kika ciro tsohuwar taki, wadda kika yi yawon aiki da ita kafin ki koma koyarwa, igiyarta duk ta ƙoƙe, kika rataya mata a wuya. Ta dawo gida tana tafiya a hankali kamar an ba ta goyon jariri. Ba ki taɓa yi mana gori ba. Da na yi miki godiya cewa kika yi, "Mama, a aljihun tebur take kwana, gara ta sha iska."

Sai maganar gasar nan ta zo. Gasar ɗalibai ce, makarantu da yawa, akwai ɓangaren hoto akwai na rahoton bidiyo. Wanda ya ci za a ba shi lambar yabo, kuma wani gidan talabijin zai ɗauke shi ya koyi aiki a wurinsu. Auta ta rasa abin da za ta ɗauka duk faɗin gari sai ɗakin wankinmu. Injinmu ya daɗe da lalacewa, da hannu muke yi, safar hannun ma duk ta huje. Ta ce labari ne. Na ce wane labari, wanki ne.

A nan na ga yadda kike aiki. Kin hana ta fito da kyamara da farko. Kika ce ta je ta zauna da mutane tukun, ta san sunan 'ya'yansu, ta san wa ke ciwon baya wa ke ciwon gwiwa. Ke da kanki kika biyo ta rannan, kika kifa bokiti kika zauna a kai, kika kama min bakin zani muka matse tare, ruwan sabulu ya jiƙa miki takalmi. Sai da muka daina ganinku baƙi sannan aka fara ɗauka.

Kin tuna Yaya Babba, shugabarmu? Ranar farko ta zo da leshi da jan baki, har da sarƙa. Kika dube ta sama da ƙasa kika ce, "Yaya, in da wannan kike wanki kullum, ni ma gobe zan zo neman aiki." Muka yi ta dariya har da ita, ta je ta sako rigar aikinta tana mita. Bayan 'yan kwanaki mun ma manta da akwai kyamara a ɗakin.

Da aka gama haɗawa, ashe akwai sauran doka. Ɗalibinki ba ya tura aiki ko'ina sai ya koma ya nuna wa waɗanda ya ɗauka, sun gani da idonsu, sun ce sun yarda. Aka kawo kwamfuta ɗakin wanki, aka ɗora a teburin guga, matan suka taru suna ihu, ga ni can, ke dubi bakinki. Ni kuwa na ɗauki baho na fita shanya. Duk suka yarda. Saura ni.

Ba wai aikin na raina ba, Malama, da shi na yi wa yaran nan karatu. Amma maƙwabta da dangin babansu abin da suka sani shi ne ina aiki a asibiti, shi ke nan, ba wanda ya taɓa tambaya. Ga yayan Auta yana neman aure a gidan masu hali. Ga hannuwana, kin gan su. Kuma na san akwai ranar da bayana ya riƙe, na zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙun zannuwa na yi ta kuka, abin da babba ba ya so a gani. Na san kyamara na kunne a ranar, mantawa na yi.

Kika zo har gida, da yamma, kika ƙi kujera kika zauna kusa da ni. Auta ta ce a yanke ni kawai a huta. Kika ce za a iya, amma in an cire ni abin da zai rage bai kai a tura ba, don a kaina rahoton ya tsaya. Sannan kika juyo kika ce, "Mama, fuskarki ce, ba tawa ba, ba ta Auta ba. In kin ce a'a, a'a ce, ko da gasar za ta wuce mu. Abu ɗaya nake roƙo, ki gani tukun sannan ki ce." Na ce sai na yi tunani. Kika ce ba gaggawa. Kika sha ruwa, kika tambayi lafiyar babansu, kika tafi.

Ashe gaggawar na nan, mu ne ba mu sani ba.

Asibitinmu aka kawo ki, ɗakin mata na sama. Na hau duba ki ina ta fargabar za ki tayar da maganar. Ko kusa. Bayana kika tambaya, ke da ke kwance da ƙarin ruwa a hannu. Ba ni da abin da zan kai miki, sai na riƙa tsince zannuwan da ba su da faci, in wanke su daban, in goge sosai, in ba nas in ce na gadon bakin taga ne. Ban gaya miki ba. Ina fata dai kin ji laushinsu.

Bayan an kai ki makwancinki, na kira Auta na ce, tura abinki, na yarda. Ta ce, "Kin gani?" Na ce ba sai na gani ba, na ce na yarda. Ta ce, "Mama, tausayi ne ya sa kika faɗa. Malama ba ta karɓar irin wannan." Na ce ni da na haife ki? Ta ce ko ke. Idonta ya kumbura don kuka, amma ko gezau. Kin bar mana mai taurin kai irinki, Malama. Babanta yana gefe yana gyaran rediyonsa, bai ko ɗago ba ya ce, "Ke da kike wanke jinin mutane kullum, fuskarki ce za ta ba ki tsoro?" Na harare shi.

Yau da la'asar ake rufe karɓar aiki. Auta ta tafi aron kwamfuta wurin ƙawarta, ta ce a waya ba zan gani da kyau ba, kuma ba ta so in ce ban gani da kyau ba. Na share ɗaki, na sauke labule saboda haske, na zauna. Ba zan yi miki alkawarin abin da zan ce ba, tunda ke kika hana a faɗa kafin a gani. Amma zan kalla daga farko har ƙarshe, ba zan tashi ba.

Allah ya jiƙan ki, Malama. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya rufa miki asiri a can yadda kika rufa wa mutane a nan. Maigidanki, Allah ya ba shi haƙuri da juriya. Yaranki, Allah ya raya su, ya haɗa su da masu riƙe su yadda kika riƙe na wasu. Mahaifiyarki da na gani a bakin gadonki tana shafa miki ƙafa, Allah ya sanyaya mata zuciya, ni uwa ce, na san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abokan aikinki da ɗalibanki duka ina yi muku ta'aziyya. Yaya Babba da sauran matan ɗakin wanki sun ce in sa da su, sun ce in gaya wa iyalinki cewa

Ana buga ƙofa. Ita ce, na san bugunta. Ina zuwa, Auta, ina zuwa! Malama, bari in buɗe mata.