Jajen da Na Ƙi Karɓa

Aikina na farko bayan na gama karatun kimiyyar iska a garin Bron na ƙasar Faransa shi ne tsugunawa bayan motoci. An kafa wani ɗan shiri a wata unguwa ta gefen Lyon, inda babban titi ya bi ta gaban makarantar yara, iskar wurin kuma ta ɓaci. Motocin dakon kaya da ke shiga unguwar sai sun biyo ta rumfarmu, in zura na'ura a bututun hayaƙi, direba ya taka totur, in karanta awon hayaƙin. Wadda ta faɗi gwajin sai garaji. Tun farko an gaya mana cewa ranar da iskar ta kai mizanin da doka ta sa, ta kuma zauna a nan, za a naɗe shirin. Babu wanda ya ɗauki maganar da gaske, har ni.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune a Sevran, can gefen babban birnin ƙasar, tana sayar da shadda a kasuwar Barbès. Ita ta riƙe ni lokacin da na sauka Faransa, kuma ba ta taɓa ganin aikin nan da gashi ba. In na je hutu, sai ta shinshina mayafina ta ce, "Duk karatun nan, a ƙare da warin man gazuwal?" Ina dariya, amma abin yana ci mini rai. Duk duniya ba wanda nake son ya ce na yi abin kai kamar ita.

Shekaru suka tafi. Direbobin da suke zagina da farko suka koma zuwa da motocinsu a gyare, wasu har da gorin cewa yau ba zan samu komai ba. Malaman makarantar suka fara buɗe tagogin aji. Awo ya yi ta sauka, ya sauka ya zauna, rani da hunturu. Da shugabanmu ya tambayi ra'ayina, na ce gaskiya an kai. Wata abokiyar aikina ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, don ta san abin da na jawo mana. Aka rufe shirin, muka kwance rumfa da hannunmu.

Na buga wa Gwaggo waya na ce, "Aikinmu ya ƙare." Abin da na faɗa ke nan, ita kuwa abin da ta ji shi ne an kore ni. Ta yi salati ta ce in hawo jirgin ƙasa in zo.

Na iske falonta cike da matan Barbès, an dafa shinkafa, kowa ta yi kalar tausayi. Ina ajiye jaka suka fara.

"Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu, ɗiyata. Allah shi maida alheri."

Ta biyu ta ɗora, ta uku ta ce Nasara ba su da amana. Nan haƙurina ya ƙare, don ni dama ba gwanar shiru ba ce.

"Hajiya, ku gafarce ni, ba zan ce amin ba. Ba korata aka yi ba. Iskar ce ta gyaru, babu sauran abin awo. Mu muka gyara ta."

Ƙin karɓar jaje a gaban manya ba ƙaramin rashin kunya ba ne, na kuwa san Gwaggo ba ta ɗaukar raini a gidanta. Ta daɗe tana kallona.

"Ke nan Litinin ba ki da wurin zuwa?"

"Babu, Gwaggo."

"Kuma da bakinki kika ce musu an gama?"

"Da bakina."

Ta juya wajen ƙawayenta, ta gyara ɗaurin kallabi.

"To kun ji. Mu nan kullum sai mu buɗe shago, ba mu taɓa gamawa ba. Ɗiyar wana ta gama nata. Ku maida jajenku, ku yi mata barka."

Suka sake bin layi ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da guɗa, har maƙwabcin sama ya buga ƙasa da sanda. Gwaggo ce ta ƙarshe. Ta riƙe hannuna ta ce barka, ni kuwa da na zo da baki cike da magana sai kawai na damƙe hannunta da hannu biyu.