Wata Takwas Ina Yabon Giyar da Ban Taɓa Sha Ba

Edita, ka riƙe sunana a wajenka, labarin kawai nake so a buga. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da ɗaya, na gama sakandare, ina zaune a gidanmu a Zongon Kumasi ba aikin fari ba na baƙi. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk layinmu an sani, kuma abin da ke bakina shi nake faɗa. Abu ɗaya Allah Ya ba ni wanda ban san darajarsa ba: hanci. Mma, mahaifiyata, kayan yaji take sayarwa a kasuwar Kejetia, a gindin tirenta na girma. Tun ina ƙarama, ko buhu a ɗaure yake ina gane kimbar bana da ta bara.

Wata da muka yi aji ɗaya ta ce ana neman ma'aikata a wani wurin cin abinci gaba da Oforikrom, a hanyar Accra. Da na je na tarar abincin rakiya ne kawai. Ainihin sana'ar giya ce, wadda mai wurin yake dafawa da kansa a manyan tankuna a bayan gida. Ba'asante ne da ya daɗe a Turai, muna kiransa Wofa, wato kawu. Ranar ya kamata in juya. Sai na ce wa kaina wata ɗaya kawai zan yi. A gida na ce shinkafa nake kai wa mutane, da Mma ta ji wani wari a mayafina na ce yis ɗin burodi ne. Har yau ban gyara mata wannan maganar ba, shi ya sa na ce a ɓoye sunana.

Giyar Wofa ba irin ta kwalba da ake sha a mashaya ba ce. Sunanta pale ale, launinta kamar zuma da aka tsinka, ƙamshinta da ɗacinta kuma daga wani busasshen fure kore suke fitowa, hops, wanda yake ajiyewa a firji kamar magani. A satina na biyu ya buɗe sabuwar leda kusa da ni, ƙamshin ya buge ni, bakina ya riga hankalina. Na ce wannan ai ɓawon lemo ne da ɗanyen mangwaro, ga ƙaro can ƙasa-ƙasa. Ya juyo ya zuba mini ido, ya ce wata uku yana neman yadda zai faɗa wa baƙi haka. Ya tambaye ni ko na ɗanɗana wadda aka dafa da shi ne. Kafin in amsa, wata abokiyar aikina ta sheƙe da dariya, ta ce 'yar Zongo in ba koko da ƙosai ba me ta sani. Don in rufe mata baki kawai na ce na sha, har sau biyu. Ƙaryar ke nan gaba ɗayanta, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Daga nan na zama gwanar wurin. Sai in tsiyaya kaɗan a kofin gilashi a bayan kanta, in rufe da tafin hannu, in juya shi a hankali, in buɗe in shaƙa gajere-gajere sau uku, in zubar in goge baki kamar na sha. Ƙamshi ban taɓa kuskure ba. Na san wadda take tashi kamar abarba, da mai ƙamshin ciyawar da aka yanka da safe, da wadda kanumfari ya laɓe a bayanta. Ɗaci ne ban sani ba, don hanci ba ya jin sa. Shi sata nake yi. In wani ya kurɓa ya ce ɗacin nan yana daɗewa a maƙogwaro, sai in ɗauki maganar in kai tebur na gaba kamar tawa. Akwai wani tsohon lauya da ke zuwa duk Asabar, kullum sai ya yamutsa fuska ya ce na kawo masa jiƙon dogon yaro, yana lafiyarsa ina ba shi maganin zazzaɓi. Ni kuma in ce masa in zaƙi yake so ga mai sobolo, wato zoɓo, can bakin titi, yara ma suna layi. Ya yi ta dariya, ya ce a ƙaro. Mutane suka riƙa zuwa suna cewa a kira musu yarinyar Zongo ta zaɓar musu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Wata ɗaya ya koma takwas.

Sai Wofa ya shirya taron ɗanɗano wata Asabar da rana, ya gayyaci masu otal-otal da yake so su riƙa ɗaukar kayansa. Kofi biyar za a jera ba suna, ni zan zauna a kan tebur in sha a gaban kowa in faɗi ko wacce ce. Ya ce ni ce harshen gidan. Kwana uku ina neman mafita, na samo a waya. Na ga bidiyon Turawa suna ɗanɗana ruwan inabi, su kurkure baki su tofar a bokiti. Na lallashi kaina cewa in dai bai wuce maƙogwaro ba ai da sauƙi. Ku duba fa inda na kai: ni da ban taɓa yarda giya ta taɓa leɓena ba, ga ni ina wanke ɗan bokiti.

Ranar na zauna, na ajiye bokitina a gefen ƙafa. Wofa na gani ya tuntsire da dariya. Ya ce wa baƙi su dubi gwanarsu, ta zo musu da al'adar masu ruwan inabi. Ya ce ita giyar hops haɗiye ta ake yi, don ɗacinta ba ya nuna kansa sosai sai ta sauka, a can gindin harshe, wanda ya tofar rabin labari ya ji. Ya sa ƙafa ya ture bokitin, ya turo mini kofi na farko. Mutum kusan ashirin suna kallona. Na ɗaga. Na ji sanyin gilashin a leɓena na ƙasa, kumfar tana fashewa a ƙarƙashin hancina, zuciyata tana ce mini kurɓi ɗaya ne, wa ya san ki a nan.

Na dire kofin da ƙarfi har ya fantsama. Na faɗa da Twi, yaren Asante, da muryar da ko na kicin sai sun ji, cewa tunda uwata ta haife ni ɗigo bai taɓa wuce maƙogwarona ba, kuma ba yau zai fara ba. Wata mai otal ta tambaya, to duk bayanin ɗacin da nake musu fa? Na ce daga bakinsu na kwasa na mayar musu. Wofa ya kasa ɗaga kai. Abokiyar aikina ta tafa hannu ta ce ai dama ta faɗa.

Tsohon lauyan ne ya ce a dakata, tunda an kori harshe a bar hanci ya kare kansa. Raina a ɓace yake, na jawo kofunan. Na farko mai abarba ce, na faɗi sunanta. Na biyu da na uku haka. Na biyar ko rufe shi ban yi ba. Na huɗu na ture gefe, na ce wannan ita ce mai mangwaro amma ta mutu, iska ta shige ta, warin kwalin da ruwan sama ya jiƙa take yi, ni ba zan kai wa kowa ita ba. Wofa ya kurɓa, ya tashi ya shiga baya, ya daɗe, ya dawo ya ce robar murfin tankin ta tsage. Baƙin da suka haɗiye ta, har da masu gemu, babu wanda ya ji. Lauyan ya buga tebur ya ce shekara arba'in yana sha, ashe ɓata wa cikinsa lokaci ya yi.

Da aka watse Wofa ya ce na kunyata shi a gaban baƙinsa, amma in zauna, shaƙa kawai zan riƙa yi. Na ba shi haƙuri a kan ƙaryar, don bai cancanci haka ba, mutumin kirki ne. Na cire rigar aikin na ninke masa, na hau trotro, motar haya, la'asar a gida na yi ta. Ba fushi ya kore ni ba. Sanyin gilashin nan ne ya ƙi barin leɓena.

Ina nadamar wata takwas da na yi ina kai wa mutane abin da na san bai halatta in ɗauka ba, ina neman gafarar Allah. Amma ba zan yi muku fuskar tausayi ba, ina alfahari da hancina, kuma ina alfahari da ranar nan. 'Yan'uwana mata, musamman masu zafin kai irina, ba mugun mutum ne ya kai ni bakin kofi ba. Babu wanda ya yaudare ni, babu wanda ya tilasta mini. Yabo ne. An ce na iya, na ƙi yarda a daina faɗa, kullum ina matsar da iyakata taku ɗaya ina cewa ai ban tsallake ba. In kin ji kin fara yi wa kanki lissafin ko kurkure baki ya kai sha, kada ki jira amsa. Ɗauki jakarki tun ƙafarki tana jin maganarki.