Maganar da Ta Ƙi Binnuwa

Ɗana ne ya kawo mana abin nan, shi ya sa ba ni da bakin zagin ɗan kowa. Injiniyan ordinata ne, wato kwamfuta, kuma har yau in aka gayyace shi konferans a manyan otel na bakin kogi, yakan sa kwat ya je ya gaya wa mutane cewa intanet ta gobe ba za ta kasance da mai ita ba. In na gan shi a tele yana ɗaga hannu yana cewa "ƴanci", sai in tashi in shiga madafa.

Mu ƴan wani gari ne na jihar Tawa, muna da ƙungiya a nan Yamai: malaman lakwal, wato makarantar boko, direbobi, teloli, da irina da muka tsufa a kujerar sakatariya a Plato, unguwar ma'aikatun gwamnati. Muna da gurup a salula inda ake sanar da haihuwa da rasuwa, amma faɗa ya fi su yawa. Mai riƙe da gurup ɗin hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ka taɓa shi ko wani nasa, sai ka wayi gari maganarka ta ɓace. Mutane suka gaji. A wani taro a gidan Yaya a unguwar Bukoki, ɗana ya miƙe ya ce akwai mafita, sunanta bulokcen. Ya ce duk saƙon da ka aika ana kwafarsa a injuna barkatai cikin ƙasashen duniya, a ɗaure shi da wanda ya gabace shi, ta yadda babu shugaba, babu kamfani, babu gwamnatin da za ta iya cire shi. Aka yi ta tafi. Yaya ya fi kowa tafi, don shi aka fi goge wa magana.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Tsohon direban ma'aikata ne, mutumin kirki mai mugun baki. Zai zage ka da safe, da azahar ya aiko maka da tuwo. Amininsa wani tela ne, tare suka shigo Yamai a bayan babbar mota suna samari, ɗaki ɗaya suka kwana shekaru, kuma duk rigar Sallar da na sa ina yarinya hannun telan nan ce.

Da aka zo zaɓen shugaban ƙungiya, Yaya ya ce yana so. Tela ya tashi a gaban jama'a ya ce shi yana ƙaunar amininsa, amma mai zafin zuciya irin Yaya bai dace da shugabanci ba. Wallahi gaskiya ya faɗa. Yaya ya koma gida yana huci, bayan la'asar ya danna salula ya aika vokal, saƙon murya, a sabon gurup. Ya ce tela ya tuna ko shi wane ne. Ya ce da igiya a wuya aka shigo da kakansa garinmu, kuma kakanmu ne ya riƙe bakin igiyar.

Ina biro, wurin aikina, na saurara, sai da na dafa tebur. Tsofaffinmu duk sun san zancen, amma ba a faɗarsa, ko a faɗan kan rijiya ba a faɗarsa. Ƴaƴan tela kuwa a Yamai aka haife su, ba su taɓa ji ba sai ranar.

Mu muna da yadda muke yi da irin wannan. Dattawa su taru, a zaunar da mutum biyun, a wanke mai laifi tas, ya durƙusa ya nemi gafara, a raba goro, a yi fatiha, a ce an binne magana. Daga ranar duk wanda ya tono ta shi ne mai laifi. Da salula ta shigo sai muka ƙara abu guda: bayan fatiha kowa ya fito da tasa, a goge saƙon a gaban juna. Haka aka yi. Yaya ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, tela ya ɗago shi ya ce ya yafe duniya da lahira. Aka fito da saluloli, kowa na dube-dube, aka rasa wurin gogewa. Wani dattijo ya miƙa wa ɗana tasa ya ce, "Ɗanmu, cire mana."

Ɗana ya ce, "Baba, ai ba ya ciruwa. Abin da na gaya muku ke nan tun farko."

E, ya faɗa, ban ce bai faɗa ba. Amma mu da muka ji "ba mai iya gogewa", mai ƙaiƙayin hannun nan muke tunani. Ba wanda ya kawo a ransa cewa har da dattawan gari bayan sun yi fatiha.

A gida na tsare shi. Na ce, "Kai ka kafa abin nan, kai za ka tumɓuke shi."

Ya ce, "Mama, zan iya ɓoye shi daga allon salularku, amma duk wanda ya nema zai samu. Kuma ki duba, abin da ya hana a goge maganar Kawu, shi ne gobe zai hana wani babba ya goge takardar filin talaka, ko ya sauya sakamakon jarrabawar ɗan wani."

Na ce, "To, sannu mai gobe. Yau fa? Kawunka ba ya cin abinci."

Ƙila yana da gaskiya a kan filin talaka, ni ba jahila ba ce, na ga abin da ake yi da takardu a Plato. Amma waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa zama a tabarmar sulhu ba, ba su san mutum yakan faɗi abin da ba shi ne a zuciyarsa ba.

Yaya bai yarda ba. Shi a saninsa babu abin da ba shi da patoro, wato maigida, kuma babu patoron da ba ya jin roƙo in ka samu wanda zai shigar da kai. Ya sa babbar riga ya zo ya ce, "Tashi ki kai ni, ke kika san ƙofofi." Na san banza ce, amma ban iya ce masa a'a ba. Muka shiga taksi zuwa Plato. Muka yi ta hawa bene muna sauka, ina gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ana tura mu gaba. A ƙarshe wani darakta mai mutunci ya ba mu kujera da ruwa, ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya ce, "Baba, ba ƙi na yi ba. Abin nan ba shi da biro, ba shi da mai shi, a nan ko a ƙasar waje." Yaya ya ce, "Ko lambar waya?" Mutumin ya girgiza kai. A taksin komawa Yaya ya riƙe hularsa a hannu har Bukoki.

Maganar kuwa ba ta kwanta ba. Dattawa sun hana, amma samari sukan tono ta in an yi saɓani a ƙungiya. Babban ɗan tela ya daina gaishe mu a hanya, kuma ban ga laifinsa ba. Yaya ya daina zuwa taro, ya bar fita shan shayi ƙofar gida. Da ciwon hawan jini ya kwantar da shi a asibiti, duk wanda ya shigo dubiya tambaya ɗaya yake yi masa: an cire? Ya ce mini tsoro yake ji ya shiga kabari bakinsa na can yana zagin mutumin da ya yafe masa.

Wata ranar Juma'a tela ya zo da kwanon fura. Ya zauna a bakin gado ya kama hannun Yaya ya ce, "Albishirinka. Yaron nan ya samo hanya, an goge. Ni da kaina na duba, babu." Yaya ya dube shi, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara zane. Ya ce alhamdu lillahi, ya sha furar nan sosai, abin da ya daɗe bai yi ba. Da na raka tela baranda, ya ce, "Ƙanwata, in ya tambaye ki kada ki ƙaryata ni. Zunubin ni zan ɗauka." Da Yaya ya rasu, tela ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata rana da hantsi na leƙa gidan Yaya, na tarar da ƴarsa ta fari zaune a ɗakinsa, salula a kunne, tana hawaye. Ta ƙofa na ji muryar, na gane ko wane saƙo ne. Raina ya ɓaci, na ce, "Ke! Ba ki da hankali? Wannan kike saurare?"

Ta ce, "Gwaggo, na nemi wani ban samu ba. Tsohon gurup an rufe shi, komai ya tafi. Salularsa shi da kansa ya share ta tas kafin ya kwanta. Ni ba maganar nake ji ba, muryar Baba nake ji."

Na zauna kusa da ita a bakin gadon. Ta ce, "In sake sa mana?" Na ce, "Sa."