Ranar da Muka Kai Na'ura Jinya Kalgo

Har yau ban manta da wata Talata cikin watan Agustan bara waccan ba, ranar da rumbun bayananmu ya ƙi tashi alhali mai kaya yana zaune a ƙofar ofis.

Aikinmu a Gwandu shi ne ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Ajami da na Larabci. Mukan aro littafi daga gidan malamai, mu ɗauke shi shafi-shafi, mu zuba a babbar na'urar da muke kira saba, sannan mu mayar wa mai shi abinsa. An ɗauke ni ne saboda ina karanta Ajami, daga baya aka koya mini kula da sabar, aka ba ni muƙamin mataimakin jami'in adanawa.

Mai kayan shi ne Malam Buhari na Kambaza, dattijo ne da ya haura saba'in. Mun ɗauki littattafan mahaifinsa mun mayar masa, sai ruwan sama ya kayar da ɗakin da suke ciki, tawada ta narke, takardu suka manne da juna. Ba sauran rubutun mahaifinsa a duniya sai wanda ke cikin sabarmu, shi ya kawo shi ofis neman kwafi. Kuma da yake nasa ne na ƙarshe da muka ɗauka, ba su riga sun shiga kwafin ajiyar da muke aikawa waje ba.

A makon nan hadari ya rufe rana, batiran sola suka ƙare, saba ta mutu. Da wuta ta dawo na kunna ta, ta tashi lafiya, amma rumbun bayanai, wato manhajar da ke riƙe da hotunan littattafan, ya ƙi buɗewa. Na sake gwadawa, haka. Shugabanmu, Alhaji Garba, ya ce a kai wa wani mai gyara ya wanke ta ya zuba sabuwar manhaja. Na ce, "Ranka ya daɗe, in anka wanke, an wanke har da littattafan Malam." Sai ya ce in kira Madam Rifkatu.

Madam Rifkatu mutuniyar Zuru ce, ita ce babbar injiniya a ofishinmu na Kalgo. Na karanta mata rahoton kuskuren ta waya, layi yana yankewa. Abin da na iya ji shi ne, "Kada kowa ya taɓa ta. Kawo mini ita."

Na fito na yi wa Malam bayani yadda zan iya. Ya ce, "Mi ya same ta?" Na ce ciwo ne da ban gano ba tukuna. Ya tashi ya gyara rawani. "To mu tahi. Ba a barin majinyaci shi tai asibiti shi kaɗai."

A tasha direba ya buɗe but ɗin mota zai saka sabar kusa da buhun albasa. Malam ya daka masa tsawa. "Kai yaro! Akwai sunan Allah cikin abin ga, za ka sa shi ƙarƙashin takalman mutane?" Direba ya ce, "Baba, ƙarhe ne hwa." Malam ya ce, "Kai ma ƙashi ne da nama, amma hatiha na cikinka." Fasinjoji suka fashe da dariya. Ya shimfiɗa mayafinsa a cinya, muka ɗora masa. Haka ya rungume ta muka bi ta Birnin Kebbi har Kalgo, ƙafafunsa sun sage amma bai yarda na karɓe shi ba. Ni kuwa salati nake a zuci, ina tunanin da wane baki zan gaya masa in abin ya ɓaci.

Madam Rifkatu ta durƙusa ta gaishe shi. Inda take ajiye irin waɗannan na'urori ƙarƙashin tebur ne, amma da ta dubi yadda ya riƙo ta, sai ta kwashe takardunta ta ce a ɗora a sama. Ta haɗa wayoyi, ta karanta rahoton, ta buɗe fayil biyu. Sai na ga ta jingina da kujera ta sauke numfashi.

"Baba, littattafanka suna nan."

"Kin gan su, ɗiyata?"

"Ban gan su ba tukuna, amma ba wanda ya shiga inda suke."

Ga bayanin da ta yi mini, kuma shi nake so ƙannena a wannan aiki su riƙe. Faifan ajiya kamar rumbu yake, nan kaya suke kwance ko da wuta ko babu. Ƙwaƙwalwar na'ura kuwa kamar fili ce inda ake baza kaya lokacin aiki. Manhajar rumbun bayanai tana da ma'aikata da yawa a cikinta, dukkansu kan tabarma ɗaya suke aiki, ita ce ƙwaƙwalwar tarayya. Duk lokacin da za ta tashi sai ta nemi babbar manhajar na'ura ta yanka mata wannan tabarma. Ita kuma babbar manhaja tana da iyakar girman da take bayarwa. Idan abin da aka nema ya wuce iyakar, ba ta ragewa ta bayar, hanawa take gaba ɗaya.

Watannin baya wani ɗan kwangila ya ƙara mana ƙwaƙwalwa. Ya rubuta sabon girman tabarma a fayil ɗin rumbun bayanai, amma iyakar babbar manhaja da umarnin wucin gadi ya ɗaga ta, bai rubuta a fayil ɗinta ba. Muddin na'ura na kunne komai lafiya. Da ta mutu ta tashi, sai ta koma tsohuwar iyakarta.

Na ce to a ba rumbun bayanai dukkan ƙwaƙwalwar mana, a huta. Ta yi dariya. "Malam Umaru, in ka shimfiɗa tabarma ta cinye tsakar gida, ina masu gida za su taka? Kusan rubu'i ake ba shi, iyakar kuma ta ɗan ɗara haka." Ta sa ni na rubuta sabuwar iyakar a fayil ɗin babbar manhaja da hannuna, na adana. Rumbu ya tashi.

Ina shirin yin hamdala sai ta miƙa hannu ta kashe sabar. Malam ya zabura. "Subhanallahi! Ta warke kin kashe ta?" Ta ce, "Baba, so nake in ga ta tashi da kanta, don gobe ba ni nan." Muka zuba wa allo ido. Fitilu suka kama, rubutu ya gudana, rumbu ya buɗe ba tare da an taɓa shi ba.

Na nemo littafin farko na faɗaɗa shafin. Malam ya matso har gemunsa na taɓa allo. Ya bi layi da yatsa yana motsa baki, ya tsaya kan wani ƙaramin sharhi a gefe. "Hannun Baba ne," in ji shi. Ya nemi inda alƙibla take, ya yi sujada a kan simintin ofis. Kafin mu bar Kalgo sai da muka kwafe komai a faifai biyu.

Abin da na koya shi ne, na'urar da ta ƙi tashi sau da yawa ba ta rasa komai ba, abin da aka nema ne ya wuce abin da aka yarje mata, kuma rahotonta yana faɗa in an yi haƙurin karantawa. Duk gyaran da na yi yanzu sai na kashe na kunna kafin in ce na gama. Kuma ina gaya wa sababbin ma'aikata su san na wane ne kayan da ke ciki kafin su yarda a wanke.